Yayana da Addu'ar Fursunonin Kyuba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yayana ya rasu a Riyad, a unguwar Manfuha, inda ya yi rabin rayuwarsa. An sallace shi bayan la'asar, aka kai shi makabarta irin ta ƙasar nan, wadda ba a rubuta suna a kan kabari. Wannan bai dame ni ba, haka ake yi wa kowa. Abin da ya dame ni shi ne abin da kunnena ya ji a zaman makoki.

Falonsa ya cika. Direbobi, magina, ɗaliban jami'a, masu shaguna daga unguwar Gubaira, kowa ya zo. Ana zuba gahawa, ana miƙa dabino, mutum ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan Dakta, mutum ne mai haƙuri." Wani ya ce, "Ba ruwansa da kowa." Wani dattijo ya rantse cewa bai taɓa jin Dakta ya ɗaga murya ba. Wani maƙwabci Bahabashe ne kaɗai bai yi dogon yabo ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana hawaye, ya ce da Larabcin titi, "Ya ciyar da ni." Shi ne na yarda da shi duka.

Sauran kuwa na dube su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun yi shekaru ba su tako falon ba. Kuma abin da ya kore su shi ne yayana yana da ruwa da abin da suke so ya ce ba ruwansa. An rufe jikinsa da ƙasa, wannan wajibi ne. Amma ba zan zauna ina kallo a rufe halinsa da yabo ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Likitan dabbobi ne. Tun yana saurayi gwamnati ta tura shi Kyuba karatu, ya dawo da Sifaniyanci a bakinsa da son gahawa mai ɗaci. Ya yi aiki a gida, sannan neman abinci ya kawo shi Saudiyya, yana duba raƙuma da tumaki a gonakin bayan gari. Da Sifaniyanci yake yi wa raƙuma magana. Ya ce da Larabci an riga an zage su da yawa, ba sa saurara. Ni kuma aikin tafinta ya yi ta yawo da ni, Dakar, Aljiyas, Khartum, Istanbul, har na tsufa na zo na zauna kusa da shi. Idan muka haɗu, sai mu yi ta auna ƙasashe kamar masu auna hatsi. Ni in ce ba inda ya kai Dakar iya dafa shinkafa, shi ya ce ban ci ta Inna ba.

Inna ita ce matar da ya zauna a gidanta a wani ƙaramin gari a Kyuba. Ba Musulma ba ce, ba ta taɓa ganin Musulmi ba kafin shi. A can da kitsen alade ake girki, shi ne mai arha. Da ta ga yaron ba ya cin abincinta, yana ta ramewa, ta tsare shi ta tambaye shi. Ya gaya mata. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ware tukunya guda ta ce wannan tasa ce, alade ba zai taɓa ta ba. Ɗan man girkin da gwamnati ke raba musu, wanda bai isa gidan ba ma, da shi take dafa masa shinkafa da baƙin wake. Idan ya shimfiɗa darduma, sai ta rage muryar rediyo. Haka ya zauna har ya gama karatu. Ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta da shi ba su yanke zumunci ba, kuma da waya ta zo hannun kowa sai suka riƙa aika wa juna saƙon murya.

Wannan shinkafa da wake ita ce ta zama abincin Juma'a a gidansa. Matarsa ta koyi girkin, ta ƙara masa yaji irin namu. Ana saukowa daga masallaci sai a nufi gidan Dakta. Wanda ya iso ƙasar jiya, wanda kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya kore shi, wanda bai ji Hausa ba tun satin da ya wuce, duk nan suke haɗuwa. A nan ake samo wa mutum aiki, a nan ake sasanta masu faɗa. Wanda ba shi da wurin kwana, a shimfiɗa masa a falon har ya samu. Kafin a kawo faranti, yayana zai ɗaga hannu ya yi addu'a, a ce amin, sannan a ci. Bai tara dukiya ba, bai gina gida a garinmu ba. Wannan zaman shi ne abin da ya gina.

Yana da wata ɗabi'a da ya kwaso daga can. Duk inda ya tarar da layi, a asibiti ko wurin burodi, sai ya tsaya ya ce da ƙarfi, "Wa ne na ƙarshe?" Larabawa su juyo suna kallonsa. Ya ce a Kyuba haka ake yi: ka san wanda ke gabanka, ka je ka zauna a inuwa, ba mai cin gurbinka. Ya ce mutanen da suka ƙware a layi har suka yi masa ladabi, ba mutanen da za a ce ba su da haƙuri ba ne.

Sai aka shiga wani bazara, ana tsakiyar annobar nan, hotuna suka fara yawo a waya. Mutanen Kyuba sun fito titi a garuruwa da yawa, suna cewa ba abinci, ba magani, ba wutar lantarki, suna neman 'yanci. Sai kuma hotunan 'yan sanda da masu kulake, ana jan matasa ana jefawa a mota. A wannan Juma'ar ba a yi wata hira ba sai ita, domin kowa ya san gidan wa yake zaune.

Direbobi suka ce, "Ashe can ma ana ɗauke wuta? To mu da muka saba, sai mu tura musu janareto." Aka yi dariya.

Akwai wani ɗalibi mai zurfin karatu, muna kiransa Ustaz. Ya gyara zama ya ce zanga-zanga fitina ce, malamai sun hana, duk wanda ya fito wa shugaba sai ya ga abin da ya fi yunwa muni.

Akwai kuma aminin yayana tun ƙuruciya, injiniya, wanda ya yi karatu a Rasha. Kwamared suke kiran juna. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Aikin Amurka ne! Ta shaƙe su da takunkumi, yanzu ta biya 'yan iska su yi ihu. Ƙasar da ta aiko mana likitoci, ta karantar da 'ya'yanmu kyauta?"

Yayana ya dube su duka biyu, ya ce, "Ikon Allah. Yau ga mai gemu da ɗan gurguzu a sahu ɗaya. Ustaz, gwamnatin da kake karewa fa ba ta yarda akwai Allah ba. Kwamared, talakawan da kake zagi fa su ne ka ce za su gaji duniya."

Aka sake dariya, amma Kwamared bai yi ba.

Ni dai na san wannan magana ta "hannun 'yan waje". Na fassara ta daga Faransanci, na fassara ta daga Larabci, na ji ta da Turanci a gida. Na tsaya a layin burodi a Khartum, na ji an ce waɗanda ke layin turo su aka yi. Duk gwamnatin da ta kasa ciyar da mutanenta tana da baƙon da take nunawa. Wani lokaci baƙon yana nan da gaske. Yayana bai taɓa musun haka ba. Ya tsani takunkumin nan fiye da Kwamared, domin shi ya ga yadda yake hana allura isa asibiti. Abin da yake cewa shi ne, "Wanda ya shaƙe ka daga waje azzalumi ne. Wanda ya mare ka a cikin gida don ka ce ka shaƙu fa, mene ne sunansa?"

Da a nan maganar ta tsaya, da an manta. Duniya ta yi hayaniya kwana kaɗan ta wuce. Amma sai saƙo ya zo daga 'yar Inna. Yayana ya kunna mini, ban ji kalma ɗaya ba, na dai ji kukan. Ɗanta, jikan Inna, mai gyaran keke, ya fito ranar nan tare da 'yan unguwarsu. An zo har gida an tafi da shi. Daga baya aka yanke masa shekaru masu yawa.

Juma'ar da ta biyo bayan saƙon, yayana ya ɗaga hannu kamar kullum. Ya roƙa wa iyaye, ya roƙa wa marasa lafiya, ya roƙa wa ƙasashenmu zaman lafiya. Sannan ya ce, "Ya Allah, ka buɗe ƙofar kurkuku ga jikan Inna, da duk wanda aka ɗaure a Kyuba don ya ce yana jin yunwa."

Amin ɗin ya fito a rarrabe.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba, ba zai gane nauyin wannan ba. Mu baƙi ne. Kowannenmu yana zaune ne da iƙama, katin izinin zama, wanda ke hannun kafilinsa. A nan ba a zanga-zanga, ba a yabon mai yin ta, ko a wace ƙasa yake. Ban san wanda aka taɓa kora saboda addu'a a falo ba. Amma ba sai an kori kowa ba. Mutum yana da 'ya'ya a makaranta a gida, yana da uwa mai jiran saƙo, ya ji an ambaci kurkuku da yunwa a cikin taro, sai ya fara tunanin wa ke zaune kusa da shi.

Ustaz ne ya fara zuwa masa, cikin ladabi. Ya ce, "Baba, ba a nema wa wanda ba Musulmi ba gafara."

Yayana ya ce, "Ɗana, ka saurara da kyau mako mai zuwa. Ban nema masa gafara ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ƙofa na ce a buɗe. A wane littafi aka hana?"

"To Baba, ka yi a zuciyarka mana."

"Kakarsa ba a zuciyarta ta dafa mini wake ba. A tukunya ta dafa, unguwa tana gani."

Surukinsa, mijin 'yarsa, direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Shi ya fi kowa tsorata, kuma ban ga laifinsa ba. Ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, don Allah. Wurin aikina ana bincikar mutum har inda yake cin abinci. Ka ce 'duk wanda aka zalunta a duniya', khalas, shi ke nan, kowa ya shiga ciki."

Yayana ya ɗago shi. Yana son yaron, yana son jikokinsa. Ya ce, "Idan zuwanka zai cuce ka, kada ka zo, na yafe maka, za a aika maka da naka a kwano. Amma 'duk wanda aka zalunta' ba ya da uwa, ba ya da shagon keke. Idan na ce haka, ba wanda zai tuna da shi, har ni."

Mafi zafi ita ce ta Kwamared. Wata Juma'a ana cikin addu'ar, ya sauke hannunsa kowa na gani. Da aka shafa ya ce, "Butulu! Ka ci abincin juyin juya hali, ya ba ka takardar da kake ci da ita har yau, sannan ka zauna a ƙasar masu mai kana yi masa addu'ar rushewa."

Yayana ya miƙe tsaye. Wanda ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana wurin a ranar. Ya ce, "Gwamnati ta ba ni takarda, na gode mata, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ba gwamnati ce ta ware mini tukunya ba! Tsohuwa ce, kuma jikanta ne a ɗaure. Ka ce mini butulu? Kai da ka bar gurguzu a Mosko ka zo nan kana shan iska mai sanyi?"

"Zan fita, kuma ba zan dawo ba."

"Ga takalminka can. Ka yi hankali da matakala, gwiwarka ba ta da kyau."

Ya fita. Abota ce tun suna yara masu tafiya makaranta ba takalmi. Yayana ya zauna, ya ce a kawo abinci.

Daga nan falon ya fara raguwa. Ba wanda ya ce ya daina zuwa. Wannan aiki ya riƙe shi, wancan ya koma wata unguwa, wani kafilinsa ya sauya masa ranar hutu. Wasu suka buɗe nasu zaman a Gubaira, inda ake cin kabsa, shinkafar Larabawa, ana hirar ƙwallo. Na ga ranakun da daga ni sai shi sai maƙwabci Bahabashe, wanda ba ya jin Hausa, yana cewa amin a kan komai. Na san abin yana cin yayana. Yakan tsaya a taga bayan masallaci yana kallon titi, ya ce yana duba motarsa ne. Sau da yawa na ga ya ɗauki waya zai kira Kwamared, ya ajiye. Amma bai rage kalma ɗaya ba. Bai kuma yarda matarsa ta rage awo ba. Abin da ya saura a zuba a robobi a raba wa ma'aikatan da ke cunkushe a ɗakunan ƙasa.

Na taɓa tambayarsa ko yana ganin addu'ar tana isa. Ya ce, "Ba aikina ba ne in san wannan. Su can sun fito sun san za a doke su. Ni me aka ce in yi? In buɗe baki a cikin ɗakina."

An saki wasu daga cikin waɗanda aka kama, muka ji labari. Jikan Inna bai fito ba. Sai ciwon zuciya ya kwantar da yayana. A asibiti, ranar Juma'arsa ta ƙarshe, ya sa na ɗaga masa hannu, ya yi addu'ar cikin muryar da sai na sunkuya nake ji. Bai tsallake ba.

Juma'ar farko bayan an binne shi, matarsa ta aiko cewa a zo kamar yadda aka saba. Aka zo da yawa, falon ya koma kamar da. Har Kwamared ya hau matakalar da sandarsa, ya zauna a lungu bai kula kowa ba. Ƙamshin wake ya cika gidan. Aka ce Ustaz ya yi addu'a, shi ne mafi ilimi. Ya yi mai kyau, mai tsawo, ya roƙa wa mamaci rahama har wasu suka yi hawaye. Aka shafa. Aka gyara zama ana jiran faranti.

Faranti bai zo ba.

Surukin ya tashi ya je bakin ƙofar ciki, inda matar yayana ke zaman takaba. Ya ce a hankali, "Umma, a miƙo abincin."

Muryarta ta fito daga bayan labule, kowa ya ji. "Ban ji an gama ba."

"An shafa, Umma."

"Kun shafa dai. An sako yaron ne ban sani ba?"



Ta ce, "Ni na tsaya a kan tukunyar nan tun kafin a haifi wasunku. Ban san inda Kyuba take ba, ban taɓa ganin matar ba. Amma mijina bai taɓa ci ba sai ya faɗa, kuma ba a gidansa za a fara ba. Wanda ba zai iya ba, ban riƙe shi ba, na gode da ta'aziyya."

Ustaz ya miƙe. Ya ce Allah ya ba ta haƙuri, shi dai ba zai faɗi abin da bai gamsu da shi ba. Ya yi sallama ya fita, wasu suka bi shi. Na ji ƙarar takalma a matakala, ta daɗe ba ta ƙare ba. Waɗanda suka rage suna kallon darduma.

Sai Kwamared ya jingine sandarsa. Ban taɓa ganin ya ja addu'a ba a rayuwata. Ya ɗaga hannuwansa sama da yadda ake ɗagawa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya Allah, ka saki yaron nan. Ban ce ya yi daidai ba." Sannan ya ce, "Ban ce komai ba. Ka dai sake shi. Shi da sauran."

Surukin ya je ya rufe taga. Sannan ya dawo ya zauna, ya ce amin da ƙarfi.

Aka miƙo farantin ta ƙarƙashin labule. Mun yi kaɗan, abincin ya yi mana yawa, muka ci iya cinmu.

Har yau da nake wannan rubutu jikan Inna yana ɗaure, kuma matar yayana ta ce awon Juma'a yana nan yadda yake. Allah ya yalwata kabarin yayana, ya yafe masa kurakuransa, ya sa abin da ya ciyar ya tarbe shi. Wanda zai ce Allah ya jiƙan Dakta, ya ce, mun gode. Amma kada ya ce ba ruwansa da kowa.